Gidan da Aka Gina a Makwancin Ruwa

Ya 'yan uwa, yau a kan haɗama zan yi magana, irin wadda ke sa mutum ya dubi abin jama'a ya ce ba shi da mai shi.

An yi wani mutum a Gazawa, mai fataucin hatsi. Ba zan kama suna ba, jikokinsa na nan, wataƙila ma suna cikin sahun nan.

A shekarun babban fari, da sama ta ɗauke ƙafa, mutanen ƙauyuka suka yi ta kwararowa gari, kowa na neman inda zai kafa bukka. Dattawan unguwa suka zauna, har da shi, suka yanka wa baƙi filaye a kan tudu. Amma suka ce tafkin bayan kasuwa da itatuwan gawon da ke bakinsa a bar su. Nan ruwan gari ke taruwa da damina, nan dabbobi ke sha, 'ya'yan gawo kuma su ke riƙe shanu da rani.

Mutumin nan ya shafa fatiha tare da kowa, amma idonsa na kan tafki. Ga shi ya bushe ƙayau, ga shi dab da kasuwa. Ya yi ta sintiri buro, ofishin masu yanka filaye, har aka kafa masa turaku a tafkin.

Ranar da ake saran gawon, sai ga Bappa Jaye, wani Bafulatani da fari ya bar wa 'yan shanu duk haƙarƙari.

Ya ce, "Alhaji, don Allah a bar ko ɗaya. Da shi nagge ke kwana."

Ya ce, "Bappa, saniyarka haya take biya?"

Bappa ya ce, "To, ruwa fa? In ya dawo, ina zai sauka?"

Ya ƙyalƙyale da dariya. "In ya dawo ya yi sallama, mu ba shi ɗakin baƙi."

Bappa ya kaɗa shanunsa ya nufi Gangara. Ba duka suka kai ba.

Mutumin nan ya cike ramin da juji, ya tayar da gida, rufin kwano, da sito babba, ya shaƙe shi da gero yana jiran tsada. Damina ta zo ta wuce ba ruwa, wata ma haka. Ya riƙa zama a zaure yana kaɗa ƙafa, yana tausaya wa mutanen tudu wai sun yi nisa da gari.

Rannan Juma'a, ana cikin masallaci, hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Ruwa ya tsuge. Tsofaffi na hawaye, mata na guɗa, shi ma ya ɗaga hannu yana godiya. Ya manta inda ya gina! Ya 'yan uwa, ruwan kowane lungu ina kuke tsammani ya nufa? Da ya iso gida, agwagin maƙwabta ne suka tarbe shi a zaure.

Mutanen tudu su suka ba shi tabarma. Da Bappa ya dawo da ragowar shanunsa, ya zo jaje, ya durƙusa ya ce, "Sannu Alhaji. Baƙon naka ya yi sallama kuwa?"

Ku ji da kyau. Gari na bukatar gidaje, ba wanda ya hana. Amma Wanda ya halicci mutum Shi ya halicci ruwa da itace da dabba, kowa da wurinsa. In za ku yanka fili, ku bar wa kowa nasa.

Ga abin da ya rasa: ɗaki shida, sun narke sun koma laka. Sito, ya zauna. Gero, ya tsiro cikin buhu, ko jaki ya ƙi shi. Inuwar gawo, shi ya sare da hannunsa. Sunansa ma bai tsira ba, har ya mutu Na-Tafki ake ce masa.

Allah ya kiyaye mu da cin haƙƙin jama'a, da na dabba, da na ruwa. Amin.