Ɗan Ƙwallon da Ya Ari Sunan Ƙaninsa

"Ba ni takardar nan, Ashafa."

"Wallahi Yaya ba zan bayar ba. Takardar haihuwata ce. Kai ina taka?"

"Tawa ta tsufa."

"To ni na tsufar maka da ita?"

A tsakar gida ake wannan, a wani lungu na Ƙofar Wambai. Uwarsu, Inna Asibi, tana tankaɗe tana jin su.

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a cikin birnin nan. Ba zan kama sunansa ba, shi da kansa ya yar da shi. Ɗan ƙwallo ne, mai tsaron baya. In ya tsaya, sai dai ƙwallo ta wuce ko mutum ya wuce, ba duka biyun ba. Yana da shekara ashirin da huɗu wani dillalin 'yan wasa ya gan shi a wani fili wajen Ƙofar Ɗan Agundi. Dillalin ya ce ƙafa kam akwai ta, amma Turawa ɗan sha takwas suke saye. Ƙaninsa Ashafa kuwa sha takwas ɗin gare shi cif.

Inna Asibi ta ajiye rariya ta ce, "Ni na san ranar da na haife ka. Allah ma ya sani."

Yayan ya ce, "Inna, aro ne fa. Shekara biyu in mayar masa. Kowa haka yake yi."

Ashafa ya bayar, don yaya yaya ne.

Mutumin nan ya aske gemunsa. Ya yi alwala, ya je gaban hukuma, ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani ya rantse shi ne Ashafa. Aka ɗauki hoton yatsunsa, aka haɗa da sunan ƙaninsa, aka ba shi fasfo.

Ya samu wani ƙaramin kulob a wata ƙasa mai sanyi. Aka rubuta Ashafa a bayan rigarsa. Da farko in an kira shi ba ya waiwayowa. Daga baya ya saba. Haka zunubi yake, ya 'yan uwa.

A gida kuwa Ashafa ya je yin katin ɗan ƙasa don ya zana jarrabawar shiga jami'a. Aka duba na'ura aka ce mai wannan suna da wannan ranar haihuwa ya riga ya yi, ga hotonsa. Bai tona asirin yayansa ba. Ya koma kasuwa yana sayar da takalma. In ya buga waya, sai yayan ya ce, "Ƙara haƙuri, bana kaɗai." Bana ta zama shekara shida.

To amma jiki ba ya karanta takarda. Takarda ta ce ashirin da huɗu, gwiwa ta ce talatin. Sai ƙirji ya fara ciwo. In ya yi gudu, ya ji kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Ya san ya kamata ya ga likita. Amma in likita ya haska ƙirji, me zai hana ya haska ƙashi? In ya haska ƙashi, me zai gani? Ya fi tsoron likita a kan mutuwa. Ya riƙa haɗiyar ƙwayar kashe ciwo a ɓoye, yana shiga fili yana murmushi.

Wata Asabar da rana, ana tsakiyar wasa, babu wanda ya taɓa shi, ya durƙusa. Ya kifa. Bai tashi ba.

Nan abin tsoron ya fara.

Aka aiko wa Inna Asibi takarda. Kafin a saki gawa, sai uwa ta sa hannu ta rantse cewa mamacin ɗanta ne Ashafa, wanda ta haifa rana kaza. Ashafa ne ya karanta mata, da bakinsa.

Ya ce, "Inna, ki sa hannu a kawo shi. Ni na yafe."

Ta ce, "In rantse ka mutu, ga ka kana ba ni ruwa? Rantsuwa ɗaya ta kai shi inda yake. Ba zan ƙara ta biyu ba."

Ta faɗa wa hukuma gaskiya. Sai aka ce fasfon na ƙarya ne, sai an yi bincike. Dillali ya kashe waya. Kulob ya ce shi Ashafa ya ɗauka, wannan bai san shi ba.

Mu nan mutum ya rasu da hantsi, kafin la'asar ya kwanta a makwancinsa. Wannan wata huɗu ya yi a cikin durowar ƙanƙara a ɗakin ajiye gawa, da lamba a ɗaure a yatsan ƙafarsa. Ƙarshe ma'aikatan garin suka sa shi a akwati suka binne. Ba wanka, ba likkafani, ba wanda ya tsaya a kansa ya yi kabbara.

Ya 'yan uwa, kada wani ya ce mini rage shekaru ƙaramin abu ne. Wanda ya rage don ƙwallo, da wanda ya rage don aikin gwamnati, duk hannu ɗaya suka ɗora a kan Littafi. Kana rage wa takarda, mala'ikan mutuwa da ainihin lissafin yake zuwa. Kuma haƙƙin ɗan'uwa ba ya zama halal don ya yi shiru. Allah ya kiyaye mu da rantsuwar ƙarya, ya tsare mu da mummunar cikawa, ya sa a wanke mu a cikin 'yan'uwanmu. Shi ma Allah ya dube shi da rahama.

Da labarin binnewar ya iso, liman da dattawan unguwa suka shigo yi wa Inna Asibi gaisuwa. Aka yi addu'a, aka shafa. Sun miƙe za su fita, ta ɗaga kai.

"Malam, da suka kwantar da shi, ina suka juya fuskarsa?"