Damarka Ko Damarsa?

Akwai wani dattijo mai koyar da samari, yana neman wanda zai shugabance su. Wata rana ya kai su gindin wani dutse, ya raba su biyu-biyu. A kowane biyu ya ɗaure wa ɗaya idanu da ƙyalle, ɗayan kuwa zai kai shi bisa da murya kaɗai, ba taɓawa.

A cikinsu akwai Zakka, mai ƙarfi da kaifin baki, wanda tuni ya naɗa kansa shugaba a zuciyarsa. Aka haɗa shi da Filibus, mai sanyin hali, aka ɗaure wa Filibus idanu. Zakka ya shige gaba, ya juyo yana fuskantar Filibus, yana hawa da baya yana ba da umarni. Da hanya ta tsuke, ya daka tsawa, "Dama! Yi dama!" Filibus ya yi dama, sai ya zurma cikin sarƙaƙiya, ƙaya ta yayyage masa ƙafafu.

Bayan sun sauko, dattijon ya zaunar da su a inuwa domin kowa ya faɗi abin da ya koya. Zakka ya riga kowa buɗe baki. "Baba, na koyi cewa marar jin magana shi ke jawo wa kansa wahala."

Filibus yana share jini, ya ce a hankali, "Baba, dama ya ce, dama na yi."

Dattijon ya tsayar da su fuska da fuska, ya ce, "Kowa ya ɗaga hannun damansa." Hannu biyu suka tashi, ɗaya wajen kudu, ɗaya wajen arewa.

Kunya ta rufe Zakka har ya kasa ɗaga kai. Ashe tasa damar ya kira, ga shi kuma ya ɗora laifin a kan wanda ya amince da shi. Ya durƙusa yana cire wa Filibus ƙaya, ya ce, "Ka gafarce ni. Baba, kada ka zaɓe ni, ban isa ba tukuna."

Ma'anar misalin nan ita ce, sau da yawa muna tsaye a wurinmu muna nuna wa ɗan'uwa hanya, ba mu taɓa tsayawa inda yake ba. In ya faɗi, mu ce taurin kai ne. Ubangijinmu bai kira mu daga nesa ba, ya sauko ya tsaya inda muke. Kai ma, kafin ka zargi wanda ya bi maganarka ya ji rauni, je ka tsaya a gefensa, ka sake duba hanyar.