Ranar da Kwamfuta Ta Ce Ba Wuri

Akwai wani ma'aikaci mai suna Datti, mazaunin Badarawa, wanda yake kula da kwamfutar wata ma'aikata a Kaduna a shekarun 1970. Kwamfutar lokacin ɗaki guda take cikawa, da kati mai huji ake yi mata magana.

Tun da Datti ya dawo daga kwas a Ingila, sai gaisuwa ta yi masa nauyi. Bawa, abokin karatunsa da suka fara aikin tare, in ya ce "Ina kwana?" sai dai Datti ya ɗaga hannu ya wuce. Da aka mayar da Bawa wani ofis a Mando, ko sallama Datti bai yi masa ba.

Sai aka aiko da sabon tsarin tafiyar da kwamfutar. Datti ya ɗora shi a kan tsohon, bai shawarci kowa ba. Da ya kunna, ta tsaya cik, ta buga layi ɗaya: babu wuri a ƙwaƙwalwa.

Ya rage aikin da ya ba ta, ta ce ba wuri. Ya sake ragewa, ta ce ba wuri. Ga sakamakon jarrabawar ɗaliban jiha yana ciki, iyaye sun fara taruwa a bakin ƙofa.

Shugabansa, Alhaji Sanda, ya leƙo. "Malam Datti, kai ka ce ka iya. In hukuma ta zauna ranar Litinin babu sakamako, ka nemi wani aikin."

Ɗakin sanyi ƙalau, amma gumi ya jiƙa rigarsa. Abinci ya ƙi shiga. Da dabara ta ƙare, ya hau babur ya nufi Mando.

Ya tarar da Bawa a ƙofar gida, ya fara zuba tun bai kashe babur ba. "Bawa, kwamfuta ta ƙi tashi, wai..."

"Sannu da zuwa, Bature," in ji Bawa. "Ina wuni? Ina iyali?"

Datti ya kashe babur. Ya cire takalmi, ya zauna a tabarma, ya gaishe shi har da tambayar jikin Inna, mahaifiyar Bawa. Sannan Bawa ya saurare shi.

"Ba cika ta yi ba, Datti. Ka san ba ta san ɗ da ƙ da ɓ ba. Ni na haɗa mata ƴan katunan da suke sa ta buga Ɗanjuma ba Danjuma ba, na kuma yanka musu wuri ɗaya a ƙwaƙwalwa. Sabon tsarinka ya zo ya zauna a rumfarsu. Ko ka kwashe kasuwar duka, rumfar nan suke nema."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Yaushe ka tsaya?"

Bawa ya hau bayan babur ɗin. A ofis ya zaro katunan, suka huda sababbi masu nuna wani wurin daban a ƙwaƙwalwar. Datti ya kunna, ya runtse ido, ya riƙe gefen tebur.

Sai ya ji faifan kwamfutar ya fara juyawa, injin bugawa ya kama ƙara. Datti ya zauna daɓas a ƙasa.

"Tashi, Bature," in ji Bawa. "Wandon Ingila ne, kada ka ɓata shi."

Darasi: Wanda ka raina gaisuwarsa yau, wataƙila abin da zai cece ka gobe yana bakinsa. Ka tsaya ka gaisa, ka tambaya kafin ka taɓa aikin da ka tarar. Ku tura wa wanda kuka daɗe ba ku ce masa sannu ba.