Jatau da Rumfar Tarwada

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku matso, yau muryata ba ta da ƙarfi.

Ta zo mu ji ta.

Wani mutum ne wai shi Jatau, mai kiwon tarwada a tafki. Son da yake musu har ya yi yawa. Ya saƙa zana, ya kafa musu rumfa, wai kada rana ta taɓa su.

Ana nan sai Annoba ta zo. Aljana ce, ƙanƙanuwa, ido ba ya ganinta. Ta shiga ruwa, ta shiga kifi. Kifi suka daina cin abinci.

Jatau ya zuba gishiri. Da safe ya kwashe matattu.

Ya daka shuwaka ya zuba. Da safe ya kwashe matattu.

Ya ce, "Rana ce ke leƙowa." Ya ƙara zana bisa zana. Da safe har kwando ya yi kaɗan.

Ya zauna bakin tafki ya zabga tagumi. Ya gaji, ko kukan ma ya kasa. Sai wata tsohuwar tarwada ta ɗago kai da ƙyar.

Ta ce, "Malam Jatau, sannu da wahala."

Ya ce, "Yauwa, Inna. Wallahi na yi iya yina."

Ta ce, "Ka yi. Tambaya ce kawai ba ka yi ba. Kowannenmu da dogarai a cikin jininsa, su ke kama Annoba. Amma sanyi barci yake sa su. Ku mutane, jikinku ke hura zazzaɓi ya tashe su. Mu ba mu da wuta, ta rana muke ara. Kai kuwa ka rufe mana ita."

Jatau ya dubi rumfar. Ya tashi ya yaye zana kaf.

Rana ta ɗumama gefen tafki, amma wurin kaɗan ne. Tsohuwa ta dinga tura ƙanana. "Ku je, ku je." Ita ta tsaya a zurfi. Dogarai suka farka, suka yi wa Annoba ca, suka fatattake ta. Ƙanana suka fara wawar abinci.

Jatau ya ce, "Inna, sun ci! Inna!"

Can ya hango ta, ciki sama. Ya tsamo ta da hannu biyu, ya daɗe yana riƙe da ita.

Ƙurunƙus kan tarwada. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin ka yi jinya, tambayi mai ciwon. Ku tashi haka, barci nake ji.