Jatau da Mai Cin Tuwo a Bayan Asabari

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Ana ce masa Jatau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Aikinsa kai abinci a gidan tuwon wata mata, Tasalla, a bakin tashar manyan motoci. Ya kawo buta da tasa ka wanke hannu, ya ajiye maka tuwo, ka ci ka tashi, ya kwashe kwano ya goge tebur. Aikin ke nan.

To yaran yanzu, ku saurara, don ba ku ga zamanin ba. Yau mutum zai kwashi matarsa da 'ya'yansa su tafi gidan abinci, har da ɗaukar hoto. A da ba haka ba. A da gidan tuwo na matafiyi ne da direba da gwauro. Magidanci mai mata a gida, a gan shi bisa benci a tasha yana kai loma? Kafin la'asar gari ya ɗauka: ko gidansa babu, ko matarsa ta fi ƙarfinsa. Abin kunya ne, babba.

A garin akwai wani dattijo, Malam Sallau, tsohon maɗinki. Matarsa Ladidi, wadda suke tare tun ƙuruciya, tsufa ya taɓa mata kai. Za ta gaishe ka lafiya lau, har ta tambayi yara. Amma in ta je murhu sai ta ɗora tukunya ba ruwa, ta koma ta zauna. Wata rana saura kaɗan ta ƙone ɗaki. Malam Sallau ya ɓoye ashana, bai gaya wa kowa ba. Kalma ɗaya yake tsoro, kada a ce da Ladidi mahaukaciya, yara su riƙa leƙo ta.

Yunwa ba ta san mutunci ba. Ita ta biyo da shi ta lungu zuwa bayan gidan Tasalla, da kwanon Ladidi a ɓoye cikin babbar riga. Ya tsaya. Ya kasa shiga, ya kasa komawa. Jatau ya fito zubar da ruwa ya gan shi. Bai ce me ya kawo ka ba. Cewa ya yi, "Baba, ranar nan ta yi zafi, ga inuwa." Ya shimfiɗa masa tabarma a rumfar baya inda ake ajiye itace, ya saki asabari.

Tun daga ranar, kullum da azahar tsoho zai zo ta lungu. Jatau ya durƙusa ya zuba masa ruwa a hannu, tsoho ya ci nasa a nan, a cika masa kwanon Ladidi. Ya je gida ya ajiye a gindin murhu. Ita kuwa ta ɗauko ta kawo masa, ta ce, "Malam, yau miyar ta yi?" Ya gutsiri loma ya ce, "Hannunki ai ba ya tsufa." A zatonta ita ta dafa. Da bakinsa ya ba Jatau wannan labari, ya ce, "Ɗana, amana na ba ka."

Ana nan, sai jarrabawa ta zo. Akwai Alhaji Mamuda, sarkin tasha. Inda ya ci, nan direbobi ke ci. In ya juya wa gida baya, gidan ya mutu. Ran nan yana zaune a teburin gaba, sai ya ga Jatau ya wuce shi da tire da buta ya nufi baya.

"Kai, Jatau! Ba ka gan ni ba?"

"Na gan ka, ranka ya daɗe. Naka na kan wuta."

"Wane ne a bayan asabarin can da ya fi ni?"

"Baƙo ne, ya riga ka zuwa."

"Baƙon ba shi da suna?"

"Yana da shi, Alhaji. A wurinsa yake."

Direbobi suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Wallahi budurwa Jatau ya ajiye a ɗakin itace!" Alhaji ya ji an yi dariya a gabansa, ya miƙe ya nufi asabari. Jatau ya sha gabansa, buta a hannu.

Ku saurara, nan maganar take. Alhaji Mamudan nan ɗan Malam Sallau ne, ɗansa na cikinsa. Ya gina gida a sabuwar unguwa, yana aika wa iyayensa buhun dawa, amma ba ya aika ƙafarsa. Bai san wa ke tuƙa dawar ba. Jatau ya san wannan sarai. Kalma ɗaya tak zai faɗa, Alhaji ya zube ƙasa don kunya. Kalma ɗaya! Tana bakinsa.

Alhaji ya kwaɗa masa mari. Ruwan butar ya zube. Jatau bai motsa ba, sai ma ya ɗaga murya yana ba da haƙuri, yana jan magana, har ya ji ƙofar lungu ta yi ƙara, tsoho ya fice. Sannan ya kauce. Alhaji ya fizge asabari, bai tarar da komai ba sai tabarma da rabin tuwo.

Ya juya ya ce da Tasalla, "Ko ni, ko shi."

Tasalla ita ma ba ta san ko wane ne ba, dattijo kawai aka ce mata. Ta ce, "Jatau, don girman Allah faɗi mana, kada ka kashe min gida."

Ya ce, "Hajiya, tuwo kika ɗauke ni in kai, ba labari ba."

Ya ajiye tire ya fita. Mai mata da 'ya'ya, ya koma dako a kasuwa, mutum mai furfura a gemu. Ana nuna shi ana cewa ga wanda aka kora saboda mace. Malam Sallau ya same shi yana hawaye, ya ce zai fito ya faɗi gaskiya. Jatau ya ce, "Baba, in ka faɗa, marin ya tashi a banza." Kuma kwanon Ladidi bai daina cika ba. Da azahar Jatau zai sauke kaya, ya karɓi kwanon a zauren Malam Sallau, ya je bayan gidan Tasalla ya sayo, ya mayar.

Da Allah ya karɓi ran Ladidi, ta tafi da mutuncinta, ba wanda ya taɓa nuna ta da yatsa. A zaman makoki aka kawo abinci, manya sun cika ƙofar gida. Malam Sallau ya aika aka kira Jatau, ya zaunar da shi kusa da shi. Ya ce, "Yanzu ba maganar da za ta taɓa ta, sai in faɗa. Ni ne a bayan asabari." Ya kwashe labari kaf. Sannan ya dubi ɗansa ya ce, "Mamuda, ɗauko buta." Sarkin tasha ya durƙusa a gaban jama'a, ya zuba wa Jatau ruwa. Jatau ya wanke hannu ya ce, "Ya isa haka, Alhaji. Allah ya jiƙan Inna."

To jama'a, ga maganar a fili. Wanda ya rufa wa ɗan'uwansa asiri, Allah zai rufa masa nasa. Rufin asiri kuwa ba shi ne shirun da ba ya ci maka komai ba. Shi ne wanda aka mare ka a kansa, kana da amsa, ka haɗiye. Kai da kake ganin abu ka zaro waya kafin ka yi salati, auna kanka da Jatau. Kai kuma da kake shiga gidan abinci kana buga tebur kana "kai, zo nan", ba ka san abin da mai riƙe da butar nan yake ɗauke maka ba. Masu aika buhu gida kuma, yau ku bi buhun da ƙafarku, ku ga wa ke dafawa. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira.