Buhun Irin da Ya Kwana a Gidan Mai Fara'a

Akwai wani manomi da gara ta cinye masa irin gero tun ruwan fari bai sauka ba. Ga iyali a gida, babu abin shukawa. Sai ya kira ƙanensa ya ce, "Ɗauki jaki ka tafi wurin kawunmu a hayin kogi, zai ba ka iri. Hanyar da nisa, dole ka sauka a gidajen mutane. Amma kafin ka shiga kowane gida, ka tsaya a rijiyar garin, ka tambayi matafiyan da suka taɓa sauka a can: da me suka shiga, da me suka fito? Kada ka tambayi maigidan."

Ƙanen ya je ya karɓi iri, kawu ya ɗinke bakin buhun da hannunsa. A hanyar dawowa, a gari na fari ya yi tambaya, aka nuna masa gidan wata tsohuwa, ya sauka lafiya ya tashi lafiya. Da ya kai gari na gaba ya gaji, rijiya kuwa tana can ƙarshen gari. Sai ga wani mutum a ƙofar zaure yana murmushi.

"Sannu da hanya, ɗan'uwana. Kai da jakin nan ban san wa ya fi wani jigata ba. Shigo ka sha fura, kawo kayan in adana maka."

A ƙasar nan baƙo ba ya hana mai masauki kayansa, ba ya kuma buɗe su a gabansa, don abin kunya ne. Ƙanen ya miƙa buhun. Da safe aka dawo masa da shi, ɗinkin kamar na kawu, nauyin kamar na jiya.

Ruwa ya sauka, suka yi shuka. Gonakin maƙwabta suka yi kore shar. A tasu kuwa, layin farko kaɗai ya tsiro, sauran gonar tana kwance kamar maƙabarta. Manomin ya durƙusa ya tona, ya ciro ƙwaya ya murza, sai ta zama gari a hannunsa. Ashe tsohon gero ne da ya yi shekara da shekaru a rumbu, an barbaɗa masa iri mai kyau a kai.

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sa'an nan ya ce, "Wa ka tambaya?"

"Yaya, ai mutumin ya yi mini fara'a."

"Wa ka tambaya, ƙanena?"

Ƙanen ya rufe fuska. Lokacin shuka kuwa ya riga ya wuce.

Ma'anar wannan misali ita ce: irin nan Maganar Allah ce da aka ɗinke a zuciyarka. Kai ne ɗan aiken. Masaukan kuwa su ne abokai da malamai da gidajen da kake miƙa wa kanka. Wanda ya sauka a hannun wani ba ya ganin abin da ake yi wa kayansa a ɗaki. Mugun mai masauki ba ya ƙwace buhu. Yakan mayar maka da shi cike, ka tafi kana godiya.

Saboda haka, 'yan'uwa, ku auna gida da waɗanda suka fito daga cikinsa. Idan kun aika 'ya'yanku birni, ku tambaya tun suna hanya. Da yawa sun dawo mana da fuskarsu da sunansu, muka yi murna, sai da damina ta zo muka san an musanya irin da ke cikinsu.