Gonar da Ba a Ga Mai Shuka Ta Ba

Dattawan ƙasar Kurfi, Kirista da Musulmi, sun shaidi malaminmu, Allah ya ƙara masa daraja, da zurfin sani a Littafi Mai Tsarki, da tawali'u da gudun duniya, da yawan durƙusawa gaban Ubangiji, har gwiwoyinsa suka yi kanta. Wannan ɗaya ce daga karamominsa, yadda Ɗanmaraya, manomi daga cikin almajiransa, ya riƙa ba da ita har tsufansa.

Shekaru kaɗan kafin samun mulkin kai, gara ta shiga rumbun Ɗanmaraya ta cinye hatsinsa, yunwa kuma ta sa shi da matarsa Hassana suka daka har irin da suka ajiye. Mutum ne mai jin nauyi, bai faɗa wa kowa ba. Ran Lahadi, a rumfar da suke sujada, malam ya tambayi mai buƙatar addu'a, Ɗanmaraya ya ce gidansa lafiya lau. Malam ya dube shi, sannan ya sunkuya ya roƙi Ubangiji ya ba su idon ganin ɗan'uwa tun bai buɗe baki ba.

Washegarin ruwan shuka, da hantsi, sai ga malam a ƙofar gidansa ɗauke da masaki cike da irin gero. Ɗanmaraya ya tambaya wa ya tona masa asiri.

"Ba kowa," in ji malam. "Kwana uku ban ji daka a gidanka ba. Wanda ya roƙa wa mutum Allah, wajibi ne ya kasa kunne."

Sai da Ɗanmaraya ya gama shuka ya ji labarin cewa wannan ne dukkan irin malam, gonar malam kuwa tana nan fayau. Abin ya tsaya masa a rai, har ya daina bin hanyar gonar. A kwana na shida ya daure ya bi, sai ya tarar gero ya tsiro sahu-sahu daga wannan iyaka zuwa waccan, alhali babu saran sungumi ko ɗaya. Ya bi gidajen ƙauyen ɗaya-ɗaya yana tambaya, har rugar Yero, Bafulatanin da ke kiwo a gefen gonar, wanda ya rantse bai ga ɗan Adam a cikinta ba.

Ya zo gun malam yana hawaye. Malam ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Ko mutum ne ko mala'ika, Mai aiko su ɗaya ne. Ɗauko fartanya, ciyawa ba ta jira."

A kakar nan gidaje bakwai suka ci daga wannan gona.

Yabo ya tabbata ga Ubangiji mai ciyar da bayinsa. Allah ya jiƙan wannan bawa nasa, ya ba mu albarkacin addu'arsa da irin kunnensa, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.